Idan An Cire Kuɗi Ba Su Isa Ba: Ƙa'idojin Warware Kuskuren ATM, POS Da Tura Kuɗi A Nijeriya

Kusan duk mai asusun banki a Nijeriya ya san wannan hali: na'urar ATM ta yi ƙarar ƙirga kuɗi, ta maido da kati ba ta fitar da ko kwabo ba, jim kaɗan kuma saƙo ya shigo waya cewa an cire kuɗin. Ko kuma na'urar POS ta fitar da takarda cewa ciniki bai yiwu ba, alhali asusu ya ragu, mai kaya kuwa ya tsaya kan sai an sake biya. Ga mai jari, wannan ɓacin rai ne na kwana biyu. Ga wanda kuɗin maganin ɗansa ko kuɗin motar komawa gida ne suka maƙale, lamarin ya wuce ɓacin rai.

Yawan matsalar ya biyo yawan hada-hadar ne. Alƙaluman NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan ƙasar nan, sun nuna cewa kuɗin da aka tura ta na'ura sun kai kimanin naira tiriliyan 600 a 2023, shekarar da ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira ya tilasta wa hatta masu kayan miya karɓar taransfa. A 2024 sun haura tiriliyan 1,000. A cikin hada-hada mai wannan yawa, ko kashi ƙanƙane ne ya sami tangarɗa, mutanen da abin ya shafa ba su ƙirguwa da yatsu. Da yawansu kan bar wa Allah, ko su yi ta jeka-ka-dawo a banki, saboda ba su san akwai wa'adin da hukuma ta yanka wa bankin ba.

Inda ƙa'idojin suka samo tushe

Babban Bankin Nijeriya, CBN, shi ne mai ba bankuna lasisi kuma mai sa musu ido, a ƙarƙashin dokar kafa shi ta 2007 da dokar bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi, BOFIA, wadda aka sabunta a 2020. A 2012 ya buɗe sashe na musamman don kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. A 2016 ya fitar da tsarin kare haƙƙin, sannan a watan Disambar 2019 ya mai da shi ƙa'idoji masu tara ga wanda ya saɓa. Baya ga waɗannan akwai ƙa'idar tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ta 2018, da sanarwar 2020 kan wa'adin maido da kuɗin da suka maƙale. Su biyun nan ne suka fi taɓa rayuwar yau da kullum.

Ƙa'idojin sun hau kan duk cibiyar da ke da lasisin CBN: manyan bankunan kasuwanci, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ, ƙananan bankuna, da kamfanonin tura kuɗi ta waya. Saboda haka mai asusun OPay, PalmPay ko Moniepoint yana da damar ƙorafi kamar mai asusu a kowane babban banki. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda wasu kan nufa bisa kuskure, aikinta daban ne: tana biyan masu ajiya ne idan banki ya durƙushe.

Yadda kuɗi ke maƙalewa

Sanin hanyar da kuɗi ke bi yana taimaka wa mutum ya gane ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan aka sa kati a na'ura, saƙo yakan tashi daga bankin da ya mallaki na'urar, ya ratsa ta kamfanin da ke haɗa bankuna, irin su Interswitch, ya isa bankin da ya ba da katin. Wannan bankin ne zai duba lambar sirri da abin da ke cikin asusu, ya cire kuɗin, ya aika amsa cewa a biya. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ne. To, idan sabis ya yanke amsar ba ta dawo kan lokaci ba, ko takardun kuɗi suka sarƙe a cikin na'urar, an riga an cire kuɗin amma ba a biya ba. A ƙa'ida sai wani saƙo ya koma ya soke cirewar. Idan shi ma ya ɓace a hanya, kuɗin sun leƙo sun koma.

Kuɗin ba ɓata suka yi ba. Kowace ATM tana da kundin da ke rubuta abin da ya gudana a cikinta, kuma idan ma'aikata suka ƙirga abin da ya rage a ciki za su tarar da rarar da ta dace da abin da ba a biya ba. Ƙa'idar CBN ta kuma wajabta sanya kyamara a wurin. Wato hujjar tana hannun banki tun kafin mai ƙorafi ya buɗe baki.

Wa'adin ATM da POS

Daga ranar 8 ga Yuni, 2020, CBN ya gajarta wa'adin da bankuna ke da shi. Idan mutum ya yi amfani da katinsa a ATM ɗin bankinsa kuɗi ba su fito ba, dole a maido su nan take, maimakon kwana uku da ake ɗauka a da. Idan wata matsalar na'ura ta hana hakan, ma'aikata za su maido da hannu cikin sa'o'i 24. Idan a ATM ɗin wani banki ne, wa'adin sa'o'i 48 ne, alhali a da yakan kai kwana uku zuwa biyar. Cinikin POS ko na intanet da bai yiwu ba, ko wanda ake taƙaddama a kansa, za a kammala warware shi cikin sa'o'i 72.

A duk waɗannan, ƙorafi yana zuwa ne ga bankin da ya ba da katin, ko da na'urar ta wani bankin ce. Shi zai bi sawun kuɗin a madadin mai asusu. Nan ne rigima kan tashi a bakin shago ko a rumfar mai POS. Idan takardar ta nuna cinikin bai yiwu ba, galibi kuɗin ba su shiga wurin mai na'urar ba, don haka riƙe masa wuya ba ya maido da komai. Abin da ya fi amfani shi ne a karɓi wannan takardar a adana, ko a ɗauki hotonta, domin rubutunta kan goge cikin 'yan makonni. A jikinta akwai ranar, da lokaci, da lambar na'urar, da wata lamba mai harufa 12 da ake kira RRN, wadda da ita banki ke gano cinikin.

Mai POS da ke karɓar ajiya ko tura kuɗi a madadin jama'a wakili ne na wani banki ko kamfani mai lasisi. Ƙa'idar wakilcin banki, wadda CBN ya fara fitarwa a 2013, ta ɗora alhakin abin da wakili ya aikata ko ya gaza aikatawa a kan cibiyar da ta naɗa shi. Wanda ya ba wakili kuɗi a tura ba su isa ba, yana iya kai ƙara ga kamfanin da sunansa ke jikin na'urar da rasiti. Wanda bai karɓi rasiti ba kuwa ya wahalar da kansa.

Tura kuɗi: kuskure iri uku

Ƙa'idar 2018, wadda ta fara aiki ranar 2 ga Oktoba na shekarar, ta bambanta abubuwa uku da jama'a kan haɗa wuri guda.

Na farko shi ne an tura kuɗi, an cire daga asusun mai turawa, ba su shiga wancan ɓangaren ba. Bankin da ya bar irin wannan ya wuce sa'o'i 24 bai maido ba, ana cin sa tarar naira 10,000 kan kowace turawa. Haka ma bankin da kuɗi suka iso gare shi ya jinkirta sanya su a asusun mai karɓa fiye da minti huɗu. An sha yaɗawa a soshiyal midiya cewa wannan dubu goma ta mai asusu ce. Tara ce ta ladabtar da banki. Haƙƙin mai asusu shi ne kuɗinsa su dawo kan lokaci, kuma ƙorafinsa ne ke jawo a ci tarar. Shaidar da ake nema a nan ita ce doguwar lambar turawa mai harufa 30 da ke jikin rasitin manhaja. Da ita bankunan biyu ke gane inda kuɗin suka tsaya.

Na biyu shi ne kuskuren banki: mai asusu ya ba da umarni daidai, banki ya aika wani wuri, ko ya aika sau biyu. Idan bankin da ya tura ya nemi a maido a rubuce cikin kwanakin aiki 14, bankin da ya karɓa zai maido cikin ranar aiki guda ba tare da neman yardar wanda kuɗin suka faɗa asusunsa ba, muddin suna nan. Idan ya riga ya taɓa su, za a sanar da shi tare da hujja, a nemi ya cike. In ya ƙi, ana iya sanya lambarsa ta BVN cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, a kai sunansa hukumomin tattara bayanan masu bashi, a kuma sanar da jami'an tsaro.

Na uku ya fi kowanne wuya, kuma ya fi yawan jawo kuka: mai asusu da hannunsa ya yi kuskuren lamba ɗaya cikin goma na lambar asusu, ko ya zaɓi bankin da ba shi ba, ko ya ƙara sifiri. A nan banki ya aiwatar da abin da aka umarce shi ne, don haka ba shi da hurumin shiga asusun wani ya ɗebo kuɗi a kan maganar mutum ɗaya. Idan mai turawa ya san wanda kuɗin suka je wa, ana fara ba shi shawarar su daidaita tsakaninsu. Idan bai san shi ba, ko ya sani amma wancan ya ƙi, bankinsa zai sanar da bankin mai karɓa, shi kuma ya riƙe adadin kuɗin a asusun yadda ba za a iya cire su ba, sannan ya nemi amincewar mai asusun a maido. In bai amince ba, masu binciken kuɗi na cikin gida na bankunan biyu za su shiga tsakani cikin mako biyu, kuma riƙon kuɗin ba zai wuce wannan wa'adi ba. Wanda ya cinye kuɗin ya kuma ƙi biya, ana sa wa BVN ɗinsa ido, ana iya haɗa shi da hukuma.

A aikace, bankuna da yawa kan ce sai an kawo umarnin kotu kafin su saki kuɗin, don kare kansu daga ƙarar ɗaya ɓangaren. Ga wanda ya tura naira dubu goma sha biyar bisa kuskure, kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu sun isa su sa ya haƙura, kuma a ganin mai wannan rubutu nan ne ƙa'idar ta fi barin ƙaramin mutum a rana. Abin da ke hannunsa shi ne sauri, domin ba a riƙe kuɗin da aka riga aka kwashe. Shi ya sa sunan mai asusu da manhaja ke nunawa kafin a danna lambar sirri ya cancanci a tsaya a karanta shi. Shi kuma wanda ya wayi gari ya ga kuɗin da ba nasa ba a asusu, ya sani ba tsintuwa ba ce. Kotuna a ƙasar nan sun sha hukunta waɗanda suka kashe irin waɗannan kuɗi.

Cirewar da mai asusu bai yi ba

Zamba tana da nata hukunci. Tun da aka koma kati mai ɗauke da ƙwayar tsaro da lambar sirri, tambayar farko da ake yi ita ce ta ina aka sami kafa. Ƙa'idojin kati na CBN sun ɗora alhaki a kan bankin da ya ba da katin idan an tabbatar cewa ta hanyar kwafe bayanan kati ne, ko ta wani rauni a tsaron bankin. Mai kati kuwa shi ke ɗaukar asara idan ta hanyar sakaci da lambarsa ta sirri ce. Wanda ya rubuta lambar a bayan kati, ko ya karanta wa wani mai kiran waya da ya ce daga banki yake lambar nan ta wucin gadi da ake turowa, OTP, ya raunana hujjarsa ƙwarai. Babu bankin da ke neman waɗannan lambobi ta waya.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, musamman ga dattawa da matan da ba su cika fita ba: a ba yaro kati a faɗa masa lamba ya je ya ciro. Larura ce ke kawo ta, amma a idon ƙa'ida duk abin da aka cire da wannan lamba mai katin ne ya cire.

Dole banki ya samar da hanyar da za a sanar da shi ɓatan kati ko satarsa dare da rana, ya kuma toshe katin da zarar an sanar. Ga masu amfani da lambobin USSD a ƙaramar waya, ƙa'idar 2018 ta ƙayyade naira 100,000 a rana, ta kuma buƙaci ƙarin tabbaci ga abin da ya haura naira 20,000. Bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu idan an sace waya, kuma ya kamata mutum ya san ta bankinsa tun kafin ranar buƙata. Bayan rufe asusu sai a rufe layin a kamfanin sadarwa, a rubuta wa banki, a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Lokacin da aka sanar yana da muhimmanci, domin abin da aka cire bayan sanarwa ya fi sauƙin ɗorawa a kan banki.

Ba laifi a waiwayi yadda wasu suka tsara nasu. A Amurka, dokar tura kuɗi ta na'ura ta 1978 ta ba mai asusu kwana 60 daga fitowar bayanan asusunsa ya sanar da kuskure. Banki yana da kwanakin aiki 10 ya yi bincike. Idan yana son ƙarin lokaci har kwana 45, sai ya fara zuba wa mai ƙorafi kuɗin na wucin gadi. Wanda ya sanar da ɓatan kati cikin kwanakin aiki biyu ba zai yi asarar fiye da dala 50 ba. Wa'adin Nijeriya kan kuɗin da suka maƙale ya fi wancan gajarta nesa ba kusa ba, amma dabarar barin kuɗin a hannun mai asusu yayin da ake bincike abar koyi ce, tunda tana sa jinkiri ya zama nauyin banki.

Abin da ba kuskure ba ne

Wasu ƙananan cirewa halattattu ne. Jadawalin caje-caje na CBN da ya fara aiki a Janairun 2020 ya tanadi naira 10 kan tura abin da bai wuce naira 5,000 ba, naira 25 har zuwa naira 50,000, da naira 50 ga abin da ya haura. Daga 1 ga Maris, 2025, cire kuɗi a ATM ɗin bankin mutum kyauta ne, a na wani banki kuwa naira 100 ne kan kowace naira 20,000, da ƙarin da bai wuce naira 500 ba idan na'urar ba a harabar banki take ba. Abin da ya wuce jadawali shi ne ake ƙorafi a kai.

Yadda ake shigar da ƙorafi

CBN ba ya sauraron wanda bai fara zuwa bankinsa ba. Ana iya kai ƙorafi a kowane reshe, ba lallai sai inda aka buɗe asusu ba, ko ta imel, ko ta manhaja, ko ta layin kula da abokan hulɗa. Kowace hanya aka bi, abin da ba a bari shi ne lambar ƙorafi. Wajibi ne banki ya amsa cewa ya karɓa, ya kuma ba da wannan lamba. Ƙa'idojin 2019 sun sanya tarar naira miliyan 2 kan rashin yin haka, da naira 500,000 a kowane mako kan ƙorafin da ya wuce wa'adinsa ba a warware ba. Ma'aikacin da ya ce "je ka, za su dawo da kansu" mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma maganar baki ba ta zama shaida idan ba su dawo ba.

Idan banki ya kwana uku bai amsa ba ko bai ba da lamba ba, ko wa'adi ya cika bai warware ba, ko ya yanke hukuncin da bai gamsar ba, sai a ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Ga yawancin ƙorafe-ƙorafe ana ba banki mako biyu, na cajin da ya wuce kima da na bashi kuwa kwana 30. Ana rubuta wa daraktan sashen a hedikwatar bankin da ke Abuja, a miƙa takardar a kowane reshen CBN na jiha, ko a aika ta cpd@cbn.gov.ng. Takardar ta ƙunshi suna da adireshi da lambar waya, sunan bankin, lambar asusu, ranar da abin ya faru da yadda ya faru, adadin kuɗin, kofen rasiti da bayanan shige da fice na asusu, da shaidar cewa an fara kai wa bankin. Ba a rubuta lambar sirri a ciki ko kaɗan. Ba a biyan ko sisi, kuma duk wanda ya bullo a Facebook ko X da sunan jami'in banki yana neman lambar kati don "a hanzarta maido da kuɗi" ɗan damfara ne da ke farautar masu ƙorafi a bainar jama'a.

Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ita ma tana karɓar ƙorafi kan bankuna, haka ma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a mai ofisoshi a jihohi. Ƙofar kotu a buɗe take, kuma jihohi irin su Legas da Kano sun kafa kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi, inda mutum zai iya tsaya wa kansa ba lauya.

Akwai iyakar lokaci. Wata sanarwar CBN ta 2015 ta ƙayyade shekara shida daga ranar da aka yi hada-hadar, bayan haka ba a karɓar sabon ƙorafi, sai dai idan zamba ce ko an riga an shigar da shi tun da farko. Biyan kuɗi na ƙasa da ƙasa ta kati ba ya cin wannan dogon wa'adi, domin kamfanonin kati na duniya irin su Visa da Mastercard suna da nasu ƙa'idojin taƙaddama, kuma sanarwar ta yi la'akari da cewa ba a adana bayanan irin wannan ciniki fiye da kwana 180. Maniyyaci ko ɗan kasuwar da aka cire masa kuɗi sau biyu a wani shago a Makka ko Dubai, ya rubuta wa bankinsa tun yana can, ko da zarar ya sauka.